Ƙwan Iya Tasalla

Teburina na bakin titin Gwammaja,
ƙasan fitilar da ba ta kamawa sai ta ga dama.
Daga magariba zuwa ɗayan dare
nakan fasa ƙwai kiret huɗu, wataran biyar,
ni Tanimu, da har na shekara goma sha biyu
ba a taɓa sa min ƙwai a hannu ba.

Iya Tasalla ce ta hana.
Zabinta na bayan ɗaki,
ƙwansu na cikin ƙwarya a ƙarƙashin gado.
Ta ce yaron da ya san daɗin ƙwai
hannunsa tsawo yake yi:
yau akurki, gobe aljihun mutane a Kwari.
Ta dafa wa Malam biyu, ta ɓare masa,
mu ko ɓawon ba a bar mu mun lasa ba.

To, na sata.
Wata Laraba, tana sallar walaha,
na dafa shi a gwangwani bayan murhu,
na haɗiye da zafinsa, gwaiduwa ta tsaya min a wuya.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta dube ni.
"Kun gani ko? Me na ce?"
Na so in ce, Iya, ai satar ta riga ƙwan shiga cikina,
tsumagiya ba ta bar ni na ƙarasa ba.

Sai da na fara sayen kiret da guminā
sannan lissafin ya fito min:
ƙwai bakwai, jikoki goma sha ɗaya,
ga kuɗin sabulu, ga na kananzir.
Tsoratar da yaro ya fi sauƙi
a kan ka ce masa ba zai isa ba.

Yanzu daga bakin masu gemu nake jin irin tata.
Ɗanliti mai adaidaita zai jefa makulli kan tebur,
a haɗa masa maltina da madarar gwangwani,
wai jininsa ya yi ƙasa.
Na ce hanta fa? Wake fa?
Ga zogale a 'Yankaba, ɗauri guda bai kai kuɗin kofinka ba.
Ya ce ganye na akuya ne, shi kuwa ba akuya ba.
Alhaji Mamuda na shafa tumbi,
sukari cokali biyar, ya ce ƙiba rufin asiri ce.
Nakan zuba masa. Ni mai shayi ne, ba likita ba.

Ranar da Ramlatu ta sauka a Murtala
surukata ta ce a tatse dakashi a zubar,
rawaya ne, dauɗa ce, a ba jaririya ruwa tukun.
Wata nas, Ladingo, gajeruwa mai tabarau,
ta ce Hajiya, wannan rawayan shi ne riga-kafinta na farko.
Ta ɗora yarinyar a ƙirjin uwa, ta tsaya a kansu,
ba ta motsa ba.

Hanne ta shekara huɗu yanzu.
Kullum da safe ƙwai guda, ita ke ɓarewa da kanta.
Abin da ta taɓa ɗauka babu izini
hulata ce, ta sa wa kyanwa.

Amma jiya wani ya kawo min mangwaro daga 'Yan Lemo,
ni kuwa yanzu na ajiye kofin garin kwaki.
Na sha ganin yaran unguwa sun haɗa su,
ga su can suna buga ƙwallo, ko ciwon ciki babu.
Na sani sarai.
Na juya shi, na sunsuna,
na sa a aljihu sai da safe.
Shekarar Iya tara a maƙabartar Dandolo,
har yau ba ta sakar min wuyan hannu ba.