Cokalin Murdo

Asabar ɗin ƙarshe ta watan Agusta
ni ke shimfiɗa farin ƙyalle a teburin kyaututtuka,
shekara talatin da ɗaya, ban taɓa fashi ba,
a ɗakin 'yan ƙwallon lambu na Ardcullin,
inda tekun Sikotilan ke tofa gishiri a tagogi,
tumaki kuma na yi wa fili aski ba ko sisi.

Kofin azurfa a tsakiya, kunnensa ɗaya a lanƙwashe
tun ran da Torquil mai cire haƙori ya sake shi don murna.
Cinyar rago daga mahauci, rabon na biyu.
Kyafaffen kifi, zuma kwalba uku,
laima ga wanda ƙwallonsa ta kwanta kusa da tuta,
safar ulu, saƙar Ishbel, ga mai dogon bugu,
ta yi masa ko ta matse shi, shi ya jiyo.

Can ƙurya, bayan gwangwanin biskit,
cokalin katako da jan zare a wuya,
na wanda ya zo ƙarshe.

Sau tara mijina Murdo ya ci shi.
Mutum ne da iska ta raina.
In ya nufi gabas, ƙwallo ta tafi gaida yamma.
Yashin rami na bakwai ya san takalminsa
fiye da dokin ƙofarmu.
Ƙwallayensa nawa ke ƙasan teku? A tambayi kifaye.
Amma da an kira sunansa sai ya gyara hula,
ya tako a hankali kamar ango,
ya ɗaga cokali sama, ɗaki ya kaure da tafi,
ya ce, "Torquil, kai aro aka ba ka,
baɗi war haka za ka dawo da kofi.
Ni nawa gobe da safe yana cikin tukunya."

Haka kuwa aka yi. Da su nake dama kunu,
ɗaya ya ƙone a baki, ɗaya ya tsage.
Hunturu biyu ke nan da muka kai shi makwanci
a tudun coci, inda ake hango rami na bakwai.

Bana kamfanin inshora ne ya ɗauki nauyin gasa.
Suka girke jar mota a bakin rami na huɗu,
ta duk wanda ya zura da bugu ɗaya.
Ruwa ya yini yana wanke ta,
da yamma direba ya mayar da ita birni.
Suka zo da agogo, da jakunkuna masu tambarinsu.
Wata 'yar budurwa mai takarda a hannu
ta ce, "A ɗauke cokalin nan, cin fuska ne."
Na ɗauke. Wanda ya ci ladan kuturu, ai sai aski.

Aka kira na ɗaya, aka kira na biyu,
aka raba zuma, aka raba safa, fitilar hoto na walƙiya.
A bakin ƙofa, Ruaridh ɗan mai jirgin fito,
shekara sha huɗu, sanda uku na aro,
bugu ɗari da talatin da ɗaya, bai ɓoye ko guda ba,
ruwa na ɗiga daga gashinsa zuwa katin,
yana jira, bai san abin da yake jira ba.
Ba wanda ya kira shi.

Na same shi a waje yana kankare taɓon takalmi.
Na laluba aljihun kwat,
na fito da na shekarar da aka yi babbar guguwa,
jan zaren ya koɗe, bakin ya sha kunu.
Na ce, "Ruaridh Macaskill, na ƙarshe."
Na tafa masa ni kaɗai, tumaki na kallo.

Ya juya shi, ya shinshina, ya dube ni.
"Yaushe zan dawo da shi?"
Na ce, "Wannan ba a dawowa da shi."

Takwas suka rage a aljihun tebur.