Ɗorin Suna

Buhu tara na albasa Baba ya sayar
a kasuwar Aliero, tun farashi bai tashi ba,
don kada wa'adin kuɗin gurbi ya wuce mu.
Inna ta sayo akwati mai taya,
ta ajiye shi inda duk mai shigowa zai gani.
Sati uku ana kirana Likita.
Ban amsa ba, ban kuma hana ba.

Ran Talata bayan la'asar
waya ta motsa a tafin hannuna:
an janye.
Layi biyu, ko sallama babu,
wai sunan da ke takardar sakandare
ba shi ne na jarrabawar shiga jami'a ba.

Shafa'atu a nan.
Shafatu a can.

Yaron shagon kwamfuta ne a Jega,
mai saurin yatsa, mai tauna cingam,
ya ce na'urarsa ba ta haɗiye alhamza,
"Mu cire ta, Hajiya, duk ɗaya ne."
Da za ta faɗi ta ja harafi guda suka tafi.
Ni kuwa ina jin nauyin layin da ke bayana,
na ce to.

Daren nan tuwo bai wuce mini ba.
An kawo wa Baba wani ɗan acaba daga Maiyama,
ƙafa ta juya tana kallon inda ya fito.
Na riƙe fitila kamar kullum.
Ya shafa, ya lalubi bakin karayar,
ya ce a danne masa kafaɗu,
ya ja.
Ƙara ɗaya, sai karare da tsumma.
Bai ɗago ya dube ni ba ya ce,
"Ƙashin da yak karye ba kuka aka yi mai ba,
ja nai akai, tun bai kwana karkace ba."

Da safe na je kotu,
na biya kuɗi na rantse cewa ni ce ni.
Magatakarda bai yi dariya ba, ya saba.
Shugaban makarantarmu ya ba ni wasiƙa,
Inna ta zazzage adaka ta fito da katin awo
mai ƙanshin turare da kashin kyankyaso.
Ta ce ragon da aka yanka ran sunana
bai ji liman ya yi tuntuɓen harafi ba.

Sau uku na rubuta ƙorafi.
Na farko duk wuta ne, na yaga.
Na biyu duk durƙuso ne, na yaga.
Na uku na sa lambata, da makina,
da ranar da suka ce in zo,
da ranar da suka ce kada in zo,
na tambaye su wace Shafatu ce ta zauna kujerata
ta dangwala yatsana.

Mota biyu zuwa ƙofar jami'a.
Masinja ya ce oga ya fita.
Washegari oga na taro.
Rana ta uku na zo da ruwa da ƙuli-ƙuli,
na zauna a benci kamar mai jiran gado,
har wata mata mai gilashi, 'yar Zuru,
ta leƙo ta taga ta miƙo hannu.
Ta karanta har ƙasa, ta koma sama.
Ta buga hatimi a tasu, ta buga a tawa.
"Kwamiti zai zauna Alhamis ta sama.
Ban yi miki alkawari ba."

Na ce ban zo neman alkawari ba.

Baba ya ce ɗori ba a kwance shi don a leƙa.
Yau kwana shida.
Inna ta so tura akwatin ƙarƙashin gado,
na ce a bar shi inda yake.

Abu ɗaya na sani:
inda na sa hannu a ƙasan takardar
na danna alhamzar nan da ƙarfi
har biro ya huda.