Farantin Toka

Shekara goma sha tara ina share hawa na biyu.
Daga Unguwar Mu'azu nake biyo motar asuba,
in rataye mayafi a bayan ƙofa, in ɗaura tsohon zani,
in fara da ofishin Darakta,
don can toka ta fi taruwa.

Farantin gilashi ne, kore, mai baki huɗu,
wani ɗan kwangila ya kawo tsaraba.
Da shi nake sanin yadda taro ya watse:
guntaye bakwai, an rabu ana dariya;
ashirin da ɗoriya, kuɗin ba su fito ba.
Ban iya karanta fayil ba,
amma toka, na sauke ta har da tilawa.

Ban taɓa kai kara bakina ba.
Duk da haka likita a Asibitin Dutse
ya ɗaga hoton ƙirjina ga hasken taga,
ya ce, "Baba Kuluwa, kwali nawa a rana?"
Na ce, "Ɗan nan, ni tsintsiya nake riƙewa."
Ya daɗe bai ɗago kai ba.

Ran wata Litinin Tanimu masinja ya hau da guduma
da farin allo, an zana taba an ja mata jan layi.
Takarda ce daga hukuma, da hatiminta:
ban da ofis, ban da tasha,
ban da gidan abinci da layin ganin likita.
Wanda ya kunna, tara.
Ƙusa uku ta shiga, ta huɗu ta lanƙwashe,
har yau allon a karkace yake.

Rifkatu mai buga takardu,
wadda ta raini ciki biyu a hayaƙin nan
da bakin gyale a hanci,
ba ta ce uffan ba.
Ta dai tashi ta buɗe taga,
ta tsaya a wurin har shayinta ya huce.

Yanzu ƙarfe goma na yi, sai ka ji takun Darakta.
Matakala talatin da biyu yake sauka,
ya zaga bayan ɗakin janareta, gindin mangwaro,
inda Bulus direba da maigadi suka riga shi.
Jiya na hango shi yana aron ashana,
har yana cewa na gode.

Sallau mai tebur a bakin get ya tare ni:
"Kun kashe mini kasuwa, kun huta."
Na ce, "Sallau, kasuwarka tana nan a ƙirjina,
in kana so, zo ka kwashe."
Ya yi tsaki, ya miƙo mini goro.
Yana da 'ya'ya shida, na sani.
Ban ji daɗin maganata ba, ban kuma janye ta ba.

Ba na cewa gari ya gyaru.
A tashar Kawo na ga kwandasta ya jingina da allon,
yana busa hayaƙi a kan jan layin.
Dokar jaririya ce, ko haƙori ba ta fitar ba.

Amma na wanke labulen ofis ranar Asabar,
ruwan ya fito kamar shayi ba madara,
ɗauraya biyar kafin ya washe.
Ashe labulen shuɗi ne!
Da hadari ya taso ta wajen kogi,
ƙamshin ƙasa ya hau har hawa na biyu,
ya samu wurin zama.

Farantin kuwa, Darakta ya ce in jefar.
Na kai shi gida, na cuɗe da toka mai tsabta, ta murhu.
Yana nan a kan taga kusa da carbina.
A ciki nake zuba ƙwayoyin tari,
biyu da safe, biyu in zan kwanta.