Kaya Ɗaya, Wuya Biyu

Bayan la'asar a Jekadafari,
shagona na warin dalma da ƙonanniyar roba,
Jingi mai caji ya iso daga Tashar Dukku,
ya dire allo a gabana, bai ko zauna ba.
"Waya goma ke jiran layi," in ji shi,
"abin nan da ka haɗa mini ba ya kai ko'ina."

Na duba. Regileta guda ce, mai ƙafa uku,
baƙa, ba ta kai faɗin farcen babban yatsa ba.
Sha biyu take karɓa daga batir,
ta tace, ta miƙo biyar cif.
Sai dai amf ɗaya ne iyakar wuyanta,
in an zarce, ta ɗau zafi, ta yi gum.

Na ce, mai sauƙi, a ƙaro mata 'yar'uwa.
Leda ɗaya na zaro su, lamba ɗaya a goshi,
na haɗe bakinsu da dalma, na yi bismilla.

Minti bakwai, na kai hannu.
Ta dama ta gasa ni har na tsotsi yatsa,
ta hagu kuwa kamar ruwan randa.

Na raba su, na ɗora mita.
Wannan biyar da ɗigo sifili shida,
waccan huɗu da ɗigo tara bakwai.
Tazarar ba ta kai a buɗe baki a faɗa ba,
amma lantarki bai san kara ba.
Wadda ta ɗara da ƙiris ita ta kwashe kayan duka,
ɗayar ta leƙo, ta ga tulu a cike,
ta naɗe hannu.

Sai na tuno shanun Baffa a Kwami,
biyu a karkiya guda, cikin dawa.
In ɗaya ya riga ɗan'uwansa da taku,
garma ta karkace, kunya ta fito a murɗe,
da yamma wuyan na gaban ne ke saɓulewa,
Baffa na shafa masa man shanu yana tsaki.

Na zazzage gwangwanin madara a tebur,
na tsinci rizista biyu, kowace kusan rubu'in om,
na sa wa kowace regileta ɗaya a bakin fita
kafin su gamu a waya guda.
Mai gaggawa, in ta ja da yawa, a rage mata tsawo,
har ta baya ta samu inda za ta sa kafaɗa.
Na ɗaure su a gutsuren alminiyon na tsohuwar taga
don zafi ya sami hanyar fita.

Mita ta ce huɗu da ɗigo takwas.
An yi asara, ba na musu.
Rabon ma bai zo daidai wa daida ba,
ɗaya amf da ɗoriya, ɗaya bakwai cikin goma,
amma duka biyun ɗumi suke, ɗumin mai aiki.

Na ce wa Jingi, "Uku, in ka matsa huɗu.
Goma sai mun sake gini tun daga tushe."
Ya yi ƙunƙuni, ya biya rabi, ya hau kekensa.

Ina jan ƙofa waya ta yi kuka.
Dada ce, maganin hawan jini ya ƙare.
Hannuna ya riga ni zuwa aljihu, kamar kullum,
shekara shida ke nan tun da muka rufe Baffa.
Manga na Bajoga, yana da albashi,
bai taɓa ƙi ba, ban taɓa bari ya iso ba.

Na tsaya a bakin kwata, babura na wucewa,
na nemo lambarsa da yatsan da ya yi bororo.
Ta yi ƙara sau huɗu.
"Hamma, lafiya?" in ji shi.