Mai Fito a Kogin Tisa

Tun asuba na kwance igiya.
Ƙanƙarar duwatsu ta narke, Tisa ta cika ta batse,
ruwa launin shayi da madara,
ga akwatin ƙuri'a can tsallake, a makarantar firamare.
Mai cewa i, mai cewa a'a,
dole ya taka katakon jirgina.

Dattijo Ambrus ne na farko, da hular zuwa coci.
Ko gaisuwa babu, ya tofa yawu a ruwa:
"Vendel, an sha kiran mu liyafa gidan manya,
mu ne dai masu wanke kwano.
Na Viyana suka ce mu haɗa kai, kakana ya tafi yaƙi bai dawo ba.
Na Mosko suka ce 'yan'uwa, suka iso da tankoki.
Yau kuma tuta shuɗiya da taurari.
Wanda maciji ya sara,
ko baƙin tsumma ya gani, gudu yake."

Piroska ta shigo, hannunta ja wur da barkono.
"An ce za su hana ni shanya a jikin bango
yadda uwata take yi.
Kokwamba ma, wai sai miƙaƙƙiya!"
Ta ƙyalƙyale har haƙorin azurfarta ya leƙo.
"Su zo mana. In da tsada za su saya,
ni da kaina zan miƙe musu ita."

Boglarka ba ta ce uffan ba,
ƙamus ɗin Jamusanci na leƙe daga aljihun rigarta,
idonta na yamma.
Mahaifiyarta na riƙe da gefen rigar kamar ta ƙaramar yarinya.
Ta san abin da za ta dangwala ƙofa ce,
ta kuma san wanda zai fara fita ta cikinta.

Da hantsi aka turo Etelka a keken guragu.
"Mu ba mu taɓa ƙaura ba," in ji ta,
"iyaka ce ta yi ƙaura.
Uwata ta kwanta a ƙasa ɗaya, ta farka a wata.
Kabarinta na can bayan shinge,
sai na yi layin awa huɗu kafin in kai mata fure.
In takardar nan za ta ɗage sandar,
a ba ni biyu."

Da yawa ko leƙowa ba su yi ba.
Na hango su a gona, sunkuye, suna binne dankali.
Ƙasa ba ta jiran zaɓe.

Ni kuwa, tsakiyar ruwa nake tunanina.
Harshen nan namu ba shi da dangi a unguwa,
maƙwabci ya ji mu, ya ɗaga kafaɗa.
Da shi muka yi kuka, da shi muke zagin jaki,
a cikinsa muka ɓuya duk sanda aka ci mu da yaƙi.
To gishiri in ya faɗa babbar tukunya,
ɓacewa ya yi,
ko shi ne ya ci miyar?
Na tambayi kogi. Kogin ma daga wata ƙasa ya taso,
wata ƙasa za shi,
bai taɓa nuna wa kowa fasfo ba,
amma a nan, da sunan da muka raɗa masa yake amsawa.

Dab da rufewa na ɗaure jirgi, na hau tudu.
Bayan labule, biro ɗaure da zare,
tamkar jirgina a jikin wayarsa.
Na daɗe a tsaye har malamar zaɓe ta yi gyaran murya.

Da na sauko, Ambrus na gyangyaɗi a bakin gaɓa,
yini guda yana jiran a mai da shi gida.
Ya buɗe ido ɗaya: "Me ka sa?"
Na ce, "Riƙe hularka, dattijo,
iska ta taso, kuma ruwan yau da ƙarfi."