Gwangwanin Baba Inusa

A bayan gidanmu na Aboabo,
tsakanin randa da igiyar shanya,
akwai rumfa mai fallen kwano uku
wadda ko akuya ba ta fake mata.
Nan Baba Inusa yake mulki.

Shekara talatin akawu ne a ofishin koko,
amma yatsunsa ba su taɓa son biro ba.
Ran Asabar sai ya hau mota zuwa Suwame,
ya dawo aljihu na kacau-kacau:
noti mai tsatsa, guntun waya,
sifana mai lamba goma da wani ya yar.
Inna ta ce, "Wasu na kawo nama."
Ya ce, "Nama kwana ɗaya yake."

Fankar Maame Adwoa ta bi ta nan,
da dutsen gugar telan bakin titi,
da rediyon liman mai tari kamar tsoho.
Ba ya karɓar ko sisin kwabo.
Yakan kara kunne jikin inji
kamar mai sauraron sirrin maƙwabta,
ya ce, "Ba mutuwa ta yi ba, ƙishi take ji,"
ya ɗiga mata mai, ta tashi.

Sai dai duk abin da ya kwance ya ɗaure,
sukuru ɗaya sai ya yi saura.
Ba ya damuwa.
Ya jefa shi cikin gwangwanin madara,
ya ce, "Ladana ke nan."

Bana damina ta zo Kumasi da ƙarfinta,
rawar hannu kuma ta zo wa Baba.
Sukudireba na zamewa daga kan sukuru
kamar ƙafa a santsin kwata.
Ya rufe rumfa, ya rataye makulli,
bai ce wa kowa komai ba.

Sai famfon tsakar gida ya soma:
ɗis,
ɗis,
har cikin barci.
Mai gyara ya zo, ya leƙa, ya ce sidi tamanin,
ban da kuɗin kaya.
Na ga Baba ya kau da kai wajen bango.

Da asuba na ɗauko makullin.
Rumfa na warin kananzir da tsohon ƙarfe,
kowace ƙusa ta san abin da take rataye.
Ya biyo ni da kujerarsa.
"Lariba, fara rufe ruwa daga mita.
Wanda ya manta wannan, wanka ya zo yi."

Na kama filaya kamar mai kama kunama.
"A'a, sifana. Filaya cin kan noti take.
Hagu. Sannu. Ƙarfe ba ya son gardama.
In ya ƙi, ba shi mai, ki ba shi lokaci."
Noti ya yi ƙara, ya saki.
A ciki, robar ta cinye kamar tsohon haƙori.

Ba mu je kasuwa ba.
Ya nuna tsohon silifan Inna da haɓa,
na ɗora pesuwa hamsin, na zagaye da reza,
na huda tsakiya da ƙusa mai zafi.
Ta farko ta karkace.
Ta biyu ya ce gyaran gangar Auzinawa.
Ta uku ya yi shiru,
shirunsa kuwa ya fi kirari.

Na mayar, na ɗaure, na buɗe mita.
Muka tsaya mu biyu muna kallon bakin famfo
kamar masu duban wata.
Ba ɗis.

Sai ga wani ɗan sukuru a kan siminti,
ban san daga ina ya fito ba.
Gabana ya faɗi.
Baba ya yi dariya har hularsa ta zame,
ya miƙo gwangwanin da hannu biyu,
yana rawa, sukurori na amsa masa.

Na jefa nawa.

Inna har yau tana cigiyar silifanta.