Alli a Kafaɗar Taya

Motar babana ce, ja, ta kwana biyu a duniya.
Ya bar mini ita da makulli ɗaya.
Shekara ashirin da uku tana hawa tudun Valparaíso
da akwatunan kifi daga bakin teku,
har kujerar baya ta koyi ƙarni, ta ƙi mantawa.

Na ce bari in yi mata gata.
Albashin wata biyu na zuba
a wili huɗu faffaɗa masu ƙyalli,
irin waɗanda samarin Playa Ancha ke waiwaye su kalla.
Tun ranar farko na ji ta:
ƙurrr, a kwanar coci,
ƙurrr, duk sa'ad da na karya sitiyari,
kamar ana wasa wuƙa a dutse.
Na ƙara sautin rediyo.
Kwana tara ina ƙara sautin rediyo.

Heriberto Quilodrán bai gaishe ni da baki ba,
da haɓa ya nuna inda zan tsaya.
Ya durƙusa, gwiwarsa ita ma ta yi ƙara,
ya zaro alli daga bayan kunne
ya shafe kafaɗar taya fari fat.
"Zaga layin nan ki dawo, Ximena.
Kada ki ji tausayinta a kwana."

Na dawo. Allin ya goge a wuri ɗaya,
faɗin yatsa biyu,
kuma a leɓen bodi, daidai saman taya,
fenti ya kankare, ƙarfe tsirara yana sheƙi.
"Ga inda suke faɗa," in ji shi.

Na ce to laifin wili ne, a cire.
Ya ce rabin laifi.
"Sun turo waje, gaskiya ne,
amma da motar na nan da tsayinta
da sun wuce ba su taɓa kowa ba."
Ya ɗora tafi a bodi ya danna.
Ta nutse, ta taso, ta sake nutsewa,
ta yi ta lilo kamar kwalekwalen da aka ɗaure.
Ya haska tocila:
shokozoba ya jiƙe sharkaf da mai,
sifirin ya zauna, gishirin iska ya ci masa zobe guda,
robar bushin ta tsattsage kamar diddigen masunci.
Ya ja tef ya auna sau biyu.
Hagu ta fi dama ƙasa da santimita uku.

"Nan yake zama," ya ce.
"Mahaifinki ba ƙaramin mutum ba ne.
Sau huɗu na ce ya canza,
sau huɗu ya ce sai an biya kuɗin makarantarki."

Ban ce komai ba.
Wani kare ya shigo, ya sha ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya,
ya fita.

Jak ya ɗaga ta. Noti ɗaya ya yi gardama,
aka ɗiga masa mai, aka bar shi ya yi tunani.
Na roƙi a canza hagu kawai, aljihuna ya rame.
Ya girgiza kai: ba a yi wa ƙafa ɗaya takalmi.
Da la'asar ya hura wa leɓen iska mai zafi
don kada fenti ya fashe,
ya lanƙwasa shi ciki a hankali, a hankali,
kamar mai kalmasa bakin riga.

Da aka sauke ta, ta tsaya cak, kafaɗa daidai,
kamar ba wanda ya taɓa zama a cikinta.
Wannan ne ban shirya masa ba.

Na gangara da rediyo a kashe.
A kwanar coci na karya sitiyari har ƙarshe.
Shiru.
Sai tsohon sifirin na hagu, da na karɓo daga kwandon shara,
yana birgima a ƙasan kujera,
yana zubar mini da tsatsa a kan tabarmar ƙafa.